Malam Haliru ya rasu, Alhamis kuma jibi ce

Yau da safe labarin ya iske ni a ƙofar ajin da zan tsare jarrabawa, takardun ɗalibai a hammata. Alhaji Sa'idu ne ya kira, ƙanin Malam.

"Bashar, kana ina?"

Na ce ina makaranta.

"Aje abin da kaka yi ka taho gida Badariya. Yaya ya cika."

Wallahi abin da ya fara fitowa daga bakina shi ne, "Wane yayan?" Sai ka ce yana da wani yayan da na sani bayan Malam Haliru.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Wai lafiya lau ya dawo daga masallaci, ya sha kunu, ya sa hula zai fito aiki, sai ya dafe ƙirji ya zauna a bakin gado. Kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. An sallace shi bayan Azahar. Ina cikin waɗanda suka shiga kabarin suka karɓe shi, amma ɗazun nan na ɗauko waya zan tambaye shi yadda zan yi da wata matsala. Har na danna lambarsa kafin na tuna.

Na ga saƙonninku, ku yi haƙuri ban amsa ba. Zan rubuta a nan gaba ɗaya. In kun ga rubutun yana zagaye-zagaye, haka kaina yake tun safe.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Dakta Haliru malami ne a sashen ilimin halayyar ɗan Adam a makarantar da nake koyarwa nan Birnin Kebbi. Ɓangarensa lafiyar ƙwaƙwalwa. Ya fi shekara ashirin yana koyar da ita, yana bincike a kanta. Shi ya koyar da ni a digiri na farko, shi ya duba kundina a na biyu, yanzu kuma ƙofar ofishina na kallon tasa. Ba mai ce masa Dakta sai baƙo. Malam muke cewa.

Ranar da ya fara shigo mana aji ko sunansa bai faɗa ba. Ya ajiye jaka ya ce, "Wa ke da mai taɓin hankali cikin danginsu? Shi ɗaga hannu."

Aji ya cika maƙil, amma ba hannu ko ɗaya. Ni har da sunkuyar da kai, alhali ina da su biyu.

Sai ya ɗaga nasa.

"To ni ina da. Kawuna na, ƙanin innata. Shekara tara yana ɗaure ga turke bayan gidanmu, Argungu. Ni ka kai mai tuwo. Shi ya sa nika tsaye gabanku yau."

Ya bar hannun a sama, bai sauke ba. Can sai wata ɗaliba a baya ta ɗaga nata. Sai wani. Kafin ya sauke mun fi rabin aji, kowa na satar kallon na kusa da shi.

Haka yake koyarwa. Ba ya ɗaga murya, amma sai ka fita daga ajinsa kana jin kunyar wani abu da ba ka san kana yi ba.

Da muka zo digiri na biyu ya sa muka fassara wata takardar tambayoyi da ake auna ciwon damuwa da ita. Mun yi sati uku a kai, muna ji da kanmu. Ya kwashe mu zuwa fadama wajen manoman shinkafa. Duk wanda muka tambaya, amsa ɗaya ce: lafiya lau, mun gode Allah. Har da wani dattijo da idonsa ya faɗa loko, rigarsa na yawo a jikinsa. Na dawo ina huci, na ce Malam mutanen nan ba sa faɗin gaskiya.

Ya yi dariya har da tari.

"Gaskiya sunka hwaɗa maka, kai na ba ka iya tambaya ba. Manomi ba ya ce maka yana cikin damuwa. Ce maka za ya yi barci ya ƙi shi, ko tuwo ba ya wucewa, ko ya bar zuwa majalisa. Aje takardar ga ka koma ka zauna."

Aikin rayuwarsa ke nan. Yana tattara yadda mutanenmu ke faɗin ciwon da ba a gani, don ma'aikacin asibitin ƙauye ya gane in ya ji. Yana kuma zama da malaman da ake kai wa marasa lafiya ruƙiya. Bai taɓa yi musu gardama ba. Cewa yake su yi nasu, in sun ga abin ya ƙi su aiko masa, kuma suna aikowa.

Bai zama farfesa ba. Waɗanda suka fara aiki tare da shi duk sun zama. Ni da bakina ba ya shiru na sha yi masa tsiya a kai, in ce Malam kana zaune kan binciken da zai isa mutum uku su samu kujera. Amsarsa ba ta canjawa.

"In na rubuta labarin matar da mijinta ya nutse gulbi, ko ban sa suna ba, Argungu duka sun san ta. Su riƙe kujerarsu."

Saboda wannan tsoron ne ma ba ya rubuta sunan kowa. Duk wanda ya zo masa da damuwa, ɗalibi ne ko manomi, a littafinsa sunan kifi yake ba shi. Ɗan masunta ne, kifin gulbi ba wanda bai sani ba. Za ka ga Tarwaɗa, Karfasa, Ragon Ruwa. Mutumin da kansa bai san sunan da aka sa masa ba. Mu ɗalibansa dariya abin yake ba mu, muna cewa Malam ya buɗe kasuwar kifi a durowa.

Yau abin bai ba ni dariya ba. Bari in gaya muku dalili.

Alhamis biyu da suka wuce motarsa tana wajen bakanike, ya ce in kai shi Argungu. Kowa a sashenmu ya san Malam ba ya karɓar lakca ranar Alhamis da yamma, mun ɗauka ziyarar dangi yake zuwa. Da muka isa bai nufi gidansu ba. Ya ce in tsaya inda 'yan kabu-kabu, masu haya da babur, ke jiran masu shiga ƙauyuka ta wajen Gulma.

Na ce in biyo shi mana.

"A'a. Tahi ka ci kihi, ka iske ni nan."

Sai dab da Magariba ya dawo, takalminsa duk laka, an ɗaure masa rabin buhun albasa a bayan babur. Muka kamo hanya. Can sai ya ce:

"Akwai wani bawan Allah. Ruwa ya cinye mai shinkahwa bana, ga wasu abubuwan kuma da ba ni hwaɗa maka. Ya gaji da rayuwa, Bashar. Ka gane abin da nika nuhi?"

Na ce na gane.

"Ba ya zuwa asibiti. Na yi, na yi, ya ƙiya. Ya ce in anka gan shi ƙohwar likitan ƙwaƙwalwa, ya gama shiga mutane. Iyalinai ma ba su sani ba. Sai munka yi yarjejeniya. Ban ce shi yi mani alkawarin shekara ba, ba ya iyawa. Mako guda nika roƙo. In na zo Alhamis mu zauna, in za ni tashi shi ba ni hannu shi ce, 'Sai Alhamis, Malam.' Shi ke nan. Wata biyar muna haka, bai taɓa saɓawa ba, ni ma ban taɓa ba."

Raina ya ɓaci, ban ɓoye masa ba. Na ce Malam wannan ai shi ne abin da kake hana mu a aji. Kai ka ce kada mai irin wannan hali ya rataya ga mutum ɗaya. Ina likita, ina iyali? In ka yi mura fa?

Ban san me ya sa na ce mura ba.

Bai ji haushi ba. Ya ce, "Gaskiyarka. Shi ya sa nika hwaɗa maka. So nike mu zama biyu, daga nan mu lallaɓa shi ga likita. Amma sai na tambaye shi. Ba ni kai mai baƙo ba da izni nai ba."

Alhamis da ta wuce ya tafi shi kaɗai.

Jiya Litinin na fito daga ofis da sauri, na makara zuwa mitin ɗin jarrabawa. Yana tsaye a ƙofarsa da kofin shayi. Ya ce, "Bashar, ya yarda. Ya ce in taho da kai. Alhamis ka sha mai, da motarka za mu."

Na ce, "To Malam, ma yi magana."

Ko tsayawa ban yi ba. Ina tafiya na faɗa, ina kallon agogo.

Rabuwarmu ke nan.

Mitin ɗin da nake gudu dominsa ma ba a fara shi ba sai bayan rabin awa. Na zauna ina danna waya. Da na tsaya minti biyu na ce Malam wane ne, wane gida ne, da yanzu ba wannan rubutun nake yi ba. Ko da yake ban sani ba, wataƙila da ya ce in bari sai mun je. Tun safe nake juya wannan a raina, ban samu inda zan ajiye shi ba.

Da aka dawo daga maƙabarta na roƙi Alhaji Sa'idu makullin ofishin. Na buɗe durowa na ɗauko littafin bana. Ga abin da ya rubuta a shafin ƙarshe, ba ƙari:

"Kurungu. Alhamis bayan La'asar. Ya yi aski. Ya yi zancen noman rani. B. zai zo."

Na juya shafukan baya ɗaya bayan ɗaya. Kurungu, Kurungu, kowane mako. Ba suna, ba unguwa, ba ko launin ƙofa. Na karɓi wayarsa na duba. Akwai Tarwaɗa, akwai Karfasa, akwai wasu. Babu Kurungu. Da alama ba ya riƙe waya.

Na zauna a kujerar Malam ina jin haushinsa, Allah ya gafarta mini. Mutum ko awa uku bai yi a ƙasa ba ina masa faɗa a zuci. Wane irin riƙon amana ne wannan da ba ka bar ko ƙofa ɗaya a buɗe ba? Ka ɓoye bawan Allah har ka ɓoye wa wanda ka ce ya zo ya taya ka.

Sai kuma in tuna da ba don haka yake ba, da Kurungu bai taɓa buɗe masa baki ba.

To wanne ne daidai? Ni dai ban sani ba.

Na shiga tsofaffin littattafan ina neman ko ya taɓa ambatonsa a da. Bai kamata in karanta ba, na sani. A na shekarun baya na ci karo da wani Gargaza. Layi ɗaya ne ya tsayar da ni: "Ya raka ni kasuwa. Ya yi gardama da mai kifi har mutane suka taru. Alhamdu lillahi."

Ni ne.

Kaɗan daga cikinku ne suka san wannan. Lokacin da mahaifina ya rasu ina tsakiyar digiri na biyu. Na daina zuwa makaranta. Wata biyu ina ɗaki, ba na wanka sai an yi da gaske, abinci sai ya kwana inda aka ajiye shi. A gida wasu suka ce iska ce, wasu suka ce sammu. Wata Asabar sai ga Malam a ƙofar gidanmu. Bai ce me ke damunka ba, bai yi zancen kundi ba. Cewa ya yi, "Bashar, taho raka ni kasuwa. Ban iya sayen kihi ba, cuta ta suka yi."

Ɗan masuntan Argungu, wai bai iya sayen kifi ba. Ni kuma na yarda. Wallahi sai yau, a kan kujerarsa, na gane wasa da hankalina ya yi.

Kowace Asabar sai ya zo. Tun ina bin shi kamar wanda aka ja da igiya, har na fara yi masa ciniki, har ranar da na tada rigima a kan kifin da ya kwana. Ashe ranar murna ya koma gida ya yi.

Malam, duk kifin da ke gulbi, gargaza mai ƙaya ka ga ta dace da ni?

Na yi dariya ni kaɗai a ofis, daga nan kuka ya ƙwace mini. Shi ne kukan farko da na yi yau.

Abin da ya sa na kawo wannan, akwai wata Asabar da ya makara. Tayarsa ce ta yi faci, ba wani abu ba. Awa biyu kacal. Ina zaune a dakalin ƙofar gida, kuma har gobe ina tuna abin da zuciyata ta riƙa gaya mini a awa biyun nan. Ta ce ya gaji da kai. Ta ce dama wa zai jure. Ni da nake da uwa da 'yan'uwa a cikin gida ke nan, kuma ciwona bai kai na Kurungu ba.

Shi ya sa tun Azahar Kurungu ne a raina.

In bai ji labarin rasuwar ba, jibi zai yi La'asar ya zauna jira. Rana za ta faɗi ba Malam. Me zuciyarsa za ta gaya masa?

In kuma ya ji, to wanda ya ba hannu ya tafi. Alkawarin yana nan ko ya warware? Ni malamin wannan fanni ne, ina da takardu, na koyar da wannan darasin a aji ya fi sau goma. Ban san amsar ba.

Na yi tunanin in je gobe in yi ta tambaya. 'Yan kabu-kabu za su iya kai ni ƙauyen, wannan ba wuya. Amma in na isa in ce me? Wa likitan masu taɓin hankali yake zuwa gani a nan? Kafin in rufe baki na kashe mutumin da ransa.

Kuma ko na so, Malam ya toshe wannan hanyar ma. Ƙa'idarsa ce da ya koya mana tun muna fita bincike: in mutum ɗaya za ka gani a ƙauye, ka shiga gida goma. A can ba su san shi da Dakta ba. Alhaji mai sayen albasa suka sani. Ya sayi kaɗan a nan, kaɗan a can, ya sha ruwa a wannan zaure, ya yi hira a wancan. Ko mai babur ɗin da ya kawo shi ba zai iya ce maka ga gidan da ya kawo shi ƙauyen ba.

Bayan La'asar na koma Badariya. Gida cike da masu gaisuwa. Hajiya Luba, matar Malam, ta aiko a kira ni. Tun ina ɗalibi nake cin tuwonta, Inna nake ce mata. Na durƙusa daga bakin ƙofa na yi mata gaisuwa. Muryarta ta dushe, amma idonta a bushe yake.

Ta ce, "An ce ka amshi makullin ohis. Mi kaka nema?"

Na ce, "Inna, akwai wanda ke jiran Malam ran Alhamis. Jira mai nauyi. Ni kuma ban san ko wane ne ba."

Ban ƙara ko kalma ba, ita ma ba ta nemi ƙari ba. Ta ci gaba da jan carbi. Matan da ke ɗakin suka ba mu wuri.

Ta ce, "Shekara nawa ina hwaɗa da shi kan albasa. Ɗakin girki ya cika, na raba ma maƙwabta har sun gaji da godiya. Kana zaton ban san ba albasa ka kai shi ba? Ban taɓa tambaya tai ba, shi ko bai taɓa hwaɗa mani ba."

Na ce to Inna ya zan yi.

"Masu albasar ga, ba su da hakkin su ji mai sayen kayansu ya rasu? Ka tahi ka gaya musu. Gida-gida, kada ka tsallake ko ɗaya. Kowane gida ka shiga ka hwaɗi sunanka da kyau. In shi wancan ya san da zuwanka, ya gane ka."

Mu da digirorinmu muna ta juya littafi, ita da ba ta taɓa shiga ajinsa ba ta fi mu sanin aikin.

To abin da zan yi ke nan. Jibi ne addu'ar uku. Ana shafawa zan kama hanyar Argungu. Zan ce wa 'yan kabu-kabu su kai ni inda suke kai Alhaji mai albasa. Duk zauren da ya saba zama zan zauna. Zan ce ni ne Bashar, yaronsa, Allah ya yi masa rasuwa ranar Talata, kuma ni zan ci gaba da zuwa saye duk Alhamis. Magana ɗaya zan faɗa a kowane gida, in miƙa wa kowa hannu.

Tara za su ce Allah ya jiƙansa, su auna mini albasa.

Ɗayan ban san me zai ce ba. Ban san ko zan gane shi ba. Mutum ne da ya yi aski kwanan nan, abin da nake da shi ke nan, kuma rabin ƙauyen za su iya zama haka. Wataƙila ya dube ni ya ga ban yi masa ba. Wataƙila ya riƙe hannuna ya ɗan daɗe. Wataƙila ya tafi gona ranar, in gama zagayena ban gan shi ba, in dawo gida ban ma san ban gan shi ba. Wannan na ƙarshen shi ya fi damuna.

Har yanzu ina tunanin ko gobe ya kamata in tafi. Sai in ce a'a, ya yi alkawari zuwa Alhamis, wata biyar bai saɓa ba, in na je Laraba zan iya iske ba ya nan. Bayan minti biyar kuma sai in ji kamar in tashi in tada mota. Inna ta ce Alhamis. Zan bi maganarta, don tawa ba ta tsaya wuri ɗaya ba.

Na yi magana da wata likita da suka daɗe suna aiki tare da Malam. Ba ta tambaye ni suna ba, dama ba ni da shi. Ta ce duk ranar da ya yarda za ta gan shi a inda yake so, ba sai a asibiti ba. Abin da Malam yake shirin yi ke nan, bai samu ya ƙarasa ba.

Na san wannan rubutun kansa da Malam yana nan da ya kira ni ofis ya rufe ƙofa. Na rubuta na goge ya fi sau uku. Don haka ku sani, na canja wasu abubuwa da gangan, yadda ya koya mana. Abin da yake saye ba lallai albasa ba ne, hanyar ma ba lallai wadda na ambata ba ce. 'Yan'uwana na wajen Argungu, don girman Allah kada ku zauna lissafin gidaje. Duk wanda ya rubuta sunan ƙauye ko na mutum a ƙarƙashin nan zan goge, in toshe shi, ko wane ne shi a wurina.

Abin da ya sa ban goge duka ba, ku ne da kuka taɓa zama da Malam a ɓoye. Na san yau wasunku bayan baƙin ciki akwai fargaba, kuna tunanin ina maganganunku za su faɗa. Ku kwantar da hankalinku. Littattafan suna kulle, makullin yana aljihuna, kuma na duba da idona, babu sunan kowa a ciki. Ni da na yi shekaru a gefensa, kaina kaɗai na iya ganewa. Wanda yake son ci gaba da magana ya san ƙofar da ke kallon ta Malam. Ban kai shi ba, ba ni da haƙurinsa, amma zan zauna in saurara.

Ya Allah, ga bawanka Haliru ya zo gare ka. Ya rufa asirin bayinka har ya koma bai bar sunan kowa ba, ka rufa masa nasa. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa, ka sanya shi a Aljanna Firdausi. Ka ba Inna Luba da yaransa da Alhaji Sa'idu haƙurin rashinsa. Mu da ya bari da aikin da ya fi ƙarfinmu, ka ba mu ikon ɗauka.

Duk wanda ya karanta har nan, ina roƙonsa ya tsaya ya yi wa Malam addu'a kafin ya wuce.

In kun gama, kada ku sauke hannu. Akwai wani bawan Allah a wani ƙauye da bai san abin da ya faru yau ba, ko kuma ya sani. Ba ku san sunansa ba, ni ma ban sani ba, amma wanda kuke roƙo ya sani.

Ku roƙa masa ya kai Alhamis, in iske shi a gida.